Saura Wata Uku In Bar Gida, Me Zan Yi da Kwanakin da Suka Rage?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 29. Na samu aiki a wuri mai nisa, saura wata uku in tashi, kuma da wuya in riƙa zuwa gida fiye da sau ɗaya a shekara. Tun da aka haife ni ban taɓa yin wata guda a waje ba. Iyayena suna raye, kakata ta wajen uba tana tare da mu, ta haura shekara 80. Ina da ƙanne uku, autarmu shekararta shida. Ni da yayana mun kusan shekara ba ma doguwar magana saboda saɓani a kan kuɗi. Da can gani nake unguwarmu ta ishe ni, yanzu da tafiya ta tabbata sai na ga ashe ban san komai game da mutanen da nake kwana nake tashi da su ba. Kullum ina cewa gobe zan zauna da su, goben ta zo shirye-shirye su cinye ni. Mahaifiyata ma ta rage magana. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a aikin, ya sa ka tafi a sa'a. Abin da kake ji tsohon abu ne, tun da daɗewa aka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Sa'ar da ka yi ita ce idonka ya buɗe tun kana gida, da sauran abin yi.

Fara da gyara lissafi. Wata uku mako 13 ne. Cire biyun ƙarshe gaba ɗaya, domin ba naka ba ne: ga takardar da ta maƙale a wani ofis, ga kayan da suka ƙi shiga jaka, ga masu zuwa sallama da ba ka sa ransu ba, jiki a gajiye, hankali ya riga ya yi gaba. Duk wanda ya ajiye hira mai muhimmanci sai a waɗannan kwanaki, a tsaye zai yi ta, waya na ƙara a aljihu. Saura mako 11. In kana fita aiki da rana, abin da ke hannunka shi ne ranakun hutu kamar 22, sai yammaci da dare. Ka auna wannan da abin da ke gaba: idan za ka riƙa zuwa sau ɗaya a shekara ka yi mako biyu, makonnin nan 11 sun fi ziyarar shekara biyar a haɗe. Da kaka mai wannan shekaru a gida, lissafin ba na wasa ba ne.

Saboda haka ka yi wa shirye-shiryen tafiya shinge. Ware musu yini biyu a mako, duk zirga-zirgar takardu da sayayya ta tsaya a cikinsu. Shiri ba ya da ƙarshe, duk lokacin da ka ba shi sai ya cinye, shi ya sa gobenka ba ta zuwa. Sauran kwanakin kuma ka sa musu sunayen mutane da ranaku a takarda, kamar yadda za ka sa ranar ganin likita. "Zan leƙa Kawu" ba ta kai mutum gidan Kawu. "Asabar da safe ina gidan Kawu" ita ke kaiwa.

Wa za ka sa a takardar? Robin Dunbar, masani a jami'ar Oxford, ya nuna cewa mutanen da ɗan Adam ke hulɗa da su suna zuwa ne da'ira-da'ira: kamar mutum 5 na jiki sosai, sai 15, sai 50, sai wajen 150. Shi da Sam Roberts sun bi wasu ɗalibai a Ingila tsawon wata 18 a lokacin da suke gama sakandare suna watsewa, suka wallafa sakamakon a 2011. Abin da suka gani shi ne dangantakar jini tana jure nisa ko da an rage haɗuwa, amma abota tana yin sanyi da zarar an daina ganin juna da yin abubuwa tare. To haɗarin iri biyu ne. Tsofaffin gida ba za su manta da kai ba, shekaru ne abin tsoro a kansu. Abokai kuwa suna da shekaru a gaba, sakaci ne zai raba ku. Tsofaffi ka ba su lokacinka yanzu, abokai ka tsara da su yadda za ku riƙe juna bayan ka tafi. Kada ka yi yunƙurin zagaye mutum 150, za ka ƙare da gaisuwar bakin ƙofa, ba ka zauna da kowa ba.

Kaka ce farko, kuma a makon nan. Hirar tsohuwa ba a yin ta a zama guda. Ka shirya zama biyar ko shida, kowanne minti 30 zuwa 40, domin bayan haka murya tana dushewa, labari ya fara maimaita kansa. Yawancin tsofaffi sun fi walwala da hantsi, amma ka lura da nata lokacin. Ka nemi izininta kafin ka ɗauki muryarta, ka gaya mata dalili: kana so ka riƙa jin ta a can, kuma jikokin da ba a haifa ba su ji. In ta ce kashe a wani wuri, ka kashe, kuma ka kashe da gaske.

Ɗaukar murya tana da ƙa'idojin da in ka tsallake su za ka koma da ƙara maimakon magana. Sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse. Kashe fanka da rediyo da talabijin, domin kunnenka ya saba da su ya daina ji, waya kuwa duk tana kwashewa. Ajiye wayar a kan mayafi ko matashi, kamar taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya daga bakinta, kada ka riƙe a hannu, motsin yatsa yana shiga. Gwada minti ɗaya ka saurara kafin ku yi nisa. A farkon kowane zama ka faɗi kwanan wata da sunanta cikakke da naka. Murya ba ta cin wuri, kusan megabait ɗaya ne a minti, amma bidiyo mai kyau yana cin tsakanin megabait 60 zuwa 130 a minti. Don haka doguwar hira a murya, bidiyo kuma gajere na minti biyu ko uku, wayar a kwance, haske yana fuskantar ta, ba ta bayanta ba.

Inda aka fi ɓata wannan aiki shi ne tambaya. Ka ce mata "Kaka, ba ni tarihinki", za ta ce "To, mu dai an haife mu, an yi mana aure", shi ke nan an rufe. Tambaya ƙarama ita ke buɗe babban labari. Ɗakin da kika taso a ciki, ina ƙofarsa take kallo? Wa kika fi jin tsoro a gidanku? Ranar da aka haifi Baba, wa ke wurin? Wane aiki kika fara yi da hannunki kika samu abin kanki? Wace shekara ce ta fi muku wuya, kuma yaya kuka fita? In akwai tsohon hoto ka miƙa mata, ka ce ta gaya maka waɗanda ke ciki daga dama zuwa hagu. In ta yi shiru kada ka cike shirun, ƙidaya goma a zuciyarka, sau da yawa abin da ya fi daraja bayan shirun yake fitowa. Kada ka gyara mata shekara ko suna ko da ka san ta ruɗe, gyara yana sa tsoho ya tsuke bakinsa. Zama ɗaya ka keɓe shi don asali: sunan iyayenta da kakanninta, 'yan'uwanta da inda zuriyarsu take, wa ya auri wa. Kana ji kana zanawa a babbar takarda, ka karanta mata ta tabbatar. Wannan ilimi a kai ɗaya ko biyu yake zaune a kowane gida.

Tsofaffin hotunan gida ka ɗauke su da waya a inuwa kusa da taga, ba da filasha ba, don filasha tana barin farin tabo a tsakiya. In suna cikin leda ko gilashi ka fitar da su a hankali, wanda ya manne kuma ka bar shi yadda yake, janyewa yana ɓare fuskar hoton. Sunayen mutane a rubuta a baya da fensir, biro yana huda takarda ya ɓullo ta gaba. Sannan ka yi sababbi, kuma ba na jeru-a-ɗauka kaɗai ba. Ɗauki Baba a inda ya saba zama, Mama tana cikin aikinta, ƙofar gida, layinku da safe, ɗakinka yadda yake kafin ka kwashe kaya. Irin waɗannan ne ake nema bayan shekara goma a rasa. Duk abin da ka tara ka ajiye shi wuri uku: a wayarka, a katin memori ko kwamfutar da za ta zauna a gida, da ma'ajiyar intanet. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, ya ishi muryoyi da hotuna. In za ka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto yana matse shi ya rage masa kyau. Kuma ka sa wa kowane fayil suna da kwanan wata a ranar, in ba haka ba za ka wayi gari da murya arba'in ba ka san wacce ce wacce ba.

Ka tuna dai ba ɗaukar murya ce ta kawo ka ba. Wasu zaman ka bar wayar a ɗaki.

Shirun mahaifiyarka kuwa, mai yiwuwa tana riƙe kanta ne don kada ta karya maka gwiwa. Uwa takan ga ɗanta yana murna, sai ta haɗiye nata. In ka tsare ta da "Mama me ke damunki?" za ta ce ba komai. Hanyar da ta fi ita ce ka zauna kusa da ita lokacin da hannunta ke aiki, ka kama mata, magana ta zo da kanta. Mutane da yawa sun fi buɗe ciki idan ba ido cikin ido ake ba. Ka fara da naka: ka ce mata kana murna, amma kana jin nauyin rabuwa da ita. Da ta ji kai ma kana ji, ta samu izinin faɗin nata. In ta yi kuka ka bar ta ta yi, kada ka hau rarrashi da alkawuran da ba ka da iko a kansu. Sannan ka ba ta abin riƙewa: sunan garin, wanda zai tarbe ka, inda za ka kwana a makon farko, ranar da za ka riƙa kira. Tsoron uwa yakan ragu gwargwadon abin da ta iya hangowa. A wannan zama ne kuma za ka tambaye ta abin da likitocin can za su tambaye ka wata rana: cututtukan da ke bin danginku ta ɓangarori biyu, kamar hawan jini da ciwon suga da sikila da asma, rigakafin da aka yi maka kana yaro, da ko akwai maganin da ya taɓa tayar maka da ƙuraje ko kumburi. Ka rubuta.

Baba kuma ka nemi shawararsa a kan wani abu na gaske, ko da kana ganin ka san amsa. Uba da yawa ba su iya cewa za su yi kewa ba, ta hanyar shawara suke faɗa. Ka tambaye shi yadda ya yi a karon farko da ya zauna cikin baƙi, da kuskuren da ba ya so ka maimaita.

Yanzu ga ɓangaren da masu tafiya suka fi mantawa, kuma shi ne godiyar da ta fi amfani ga gida. Mutum ɗan shekara 29 da ke zaune da iyayensa yana ɗauke da ayyuka da yawa da shi kansa bai san yana yi ba. Ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da ka yi wa gidan: sayo magani, kai Kaka asibiti, biyan kuɗin wuta da ruwa, duba karatun ƙanne, kiran mai gyara, karanta wa Baba saƙon banki, rufe ƙofa da dare. Za ka ga sun haura goma sha biyar. Kowanne ka sa masa sunan mutum ɗaya, kuma ka gaya wa mutumin baki da baki. In ka ce "ku riƙa kula da maganin Kaka", ka ba kowa ke nan, kuma aikin kowa ba mai yin sa. Maganin tsofaffi ka rubuta shi a takarda ɗaya da manyan baƙaƙe: sunan magani, ƙarfinsa kamar yadda yake a jikin kwali, sau nawa a rana, ranar da zai ƙare, ranar komawa asibiti, lambar kati. Kwafi ɗaya a manne a bango, ɗaya a wayarka. Saura wata guda ka tafi, ka sakar musu ayyukan gaba ɗaya kana kallo. A nan za ka gano cewa ƙaninka bai san inda ake karɓar kati ba, ko mai gyaran famfo lambarka kaɗai yake ɗauka. Gara a gano kana nan.

Haka wayar iyaye. Ƙara girman rubutu, sa hotonka a kan lambarka, ka fito da ita fuskar waya. Koya musu aika saƙon murya da ɗaga kiran bidiyo, amma kada ka yi musu suna kallo, su yi da hannunsu sau uku a ranaku daban-daban. Abin da aka nuna sau ɗaya a daren tafiya ba ya zama. Ka kuma gargaɗe su tun yanzu: duk wanda ya kira ko ya turo saƙo da baƙuwar lamba yana cewa kai ne, ko ka shiga matsala a turo kuɗi, kada su aika komai sai sun ji muryarka a lambar da suka sani. Mayaudara sun san gidan da ɗansu ke nesa. Naka layin ma ka duba shi: in bankinka da imel ɗinka ta wannan lamba suke turo lambar sirri, ka san yadda za ka riƙa karɓa a can, domin kamfanonin waya suna ƙwace layin da ya yi watanni ba a amfani da shi su ba wani.

Batun Yaya. Kada ka kai shi makon ƙarshe, kuma kada ka yi shi a gaban taro. Sulhun da aka yi a bakin mota don idon mutane ba ya daɗewa, kuma nisa yana ƙara wa saɓani kauri, domin a waya shiru ma fassara ake yi masa. Ga kuma wata gaskiya: bayan ka tafi, nauyin iyaye a kansa zai fi sauka. Ba za ka iya kula da su daga nesa ba alhali ba ka magana da wanda ke kusa da su. Kai ne ƙarami, kai za ka je. Same shi shi kaɗai, a wurinsa, lokacin da ba ya sauri. Ka faɗi naka laifin a jimla ɗaya ba tare da "amma" ba: "Yaya, yadda na yi maka magana ran nan bai dace ba, ka yafe mini." Kada ka sake buɗe shari'ar wa ya fara. Maganar kuɗin kuwa a raba ta da maganar zuciya: in kai ake bi, ka biya ko ka faɗi ranar biya da adadin da za ka riƙa bayarwa, a rubuce. In kai ke bi, ka yanke shawara kafin ka je, ko ka yafe da bakinka ƙarara, ko ku tsayar da wa'adi. Abin da ke kashe zumunci shi ne kuɗin da aka bari a rataye, ba a yafe ba ba a nema ba. In ya ƙi saurara a karon farko kada ka yi zuciya, ba shi mako biyu ka koma, shi ya sa muka ce ka fara da wuri. In ta ƙi ci, ka nemi babba ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, wanda ba ya yawo da magana. In duk da haka bai sauko ba, ka yi masa sallama yadda ta kamata, ka ci gaba da gaishe shi daga can. Rabonka ka yi.

Sauran basussuka ƙanana ma ka share su. Littafin da ka ara, kayan aikin maƙwabci, 'yan kuɗin da ka ce za ka kawo. Mutum yakan manta, wanda ya ba shi ba ya mantawa.

Unguwar da ka ce ta ishe ka, ita ce abin da za ka rasa da gaske. Iyaye za ka kira su, abokai za ku yi ta saƙo. Amma dattijon da kake gaisarwa kowace safiya, da mai askinka, da malamin da ya koyar da kai a aji uku, da maƙwabciyar da ta riƙe ka kana jariri in Mama ta fita, ba wanda za ka kira a cikinsu, kuma su ne suke sa mutum ya ji yana da wuri a duniya. Mark Granovetter, masanin zamantakewa a Amurka, ya yi rubutu a 1973 kan ƙarfin irin wannan sanayya ta sama-sama, ya nuna cewa labarin aiki da dama sau da yawa ta hannun su yake zuwa, ba ta hannun na jiki ba. A can sai ka gina taka daga tushe. Zaɓi mutum goma zuwa goma sha biyu, ka taka ka same su ɗaya-ɗaya, zumunta a ƙafa take. Minti goma sha biyar ya isa. Kada ka tsaya a "na gode da komai". Ambaci abin: "Malam, ranar da ka tsayar da ni bayan an tashi ka ce in daina tsoron lissafi, ban manta ba." Mutane da yawa suna tsufa ba wanda ya taɓa dawowa ya gaya musu haka. Daga cikin maƙwabta kuma ka karɓi lambar mutum biyu masu amana, ka ba su taka, ka ce musu ga gida nan. Ranar da wayar gida ta ƙi shiga da tsakar dare, maƙwabcin da zai iya buga ƙofa cikin minti biyu ya fi ɗan'uwan da ke wani gari.

In akwai wata hidima ta unguwa da ake yi a waɗannan makonni, aikin gayya ko duba marar lafiya ko taimakon wanda abu ya samu, ka shiga da jikinka. Sannan ka yi tafiyar ƙafa ɗaya kai kaɗai, ba waya a kunne, ka bi hanyar makarantarku ta da.

Auta tana buƙatar nata tsarin. Yaro ɗan shekara shida bai san tsawon shekara ba, kuma yakan ɗauka laifinsa ne ya kori mutum. Gaya mata da kanka saura kamar wata guda, da kalmomi masu sauƙi: aiki za ka je, da nisa, ba don ta yi wani abu ba ne, kuma za ka riƙa kira ranar kaza. Ka bar mata wani abu naka ta ajiye maka. Kada ka sulale da asuba tana barci don gudun kuka, yaron da aka yi wa haka yakan daɗe yana tsoron duk wanda ya fita ba zai dawo ba. Kukan sallama na awa ɗaya ya fi wannan sauƙi. Kada kuma ka sa mata ranar dawowa sai kana da tikiti a hannu. Manyan ƙannen biyu ka fita da kowannensu shi kaɗai ko sau ɗaya ne, domin a cikin taro ba za su gaya maka abin da ke damun su ba.

Abokai, ka zaɓi uku ko huɗu da kake son riƙewa har tsufa, ku tsayar da abu ɗaya mai maimaituwa, ko kiran minti ashirin ne a farkon kowane wata. Zauren hira na mutum talatin a waya ba ya maye gurbin wannan. Ka kuma shirya wa kewa, tana yawan taso wa mutum bayan ɗokin makonnin farko ya lafa. Jeffrey Hall na jami'ar Kansas ya kiyasta a 2018 cewa ana buƙatar kamar awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, wajen awa 90 ta zama abota, sama da awa 200 ta zama aminci. Waɗannan awoyi na yin sababbin abokai a can ba za su samu ba in duk daren duniya kana kan waya da gida. Kira ɗaya tsayayye a mako, a ranar da sa'ar da kowa ya sani, tare da gajerun saƙonni a tsakani, ya fi kira kullum na wata biyu sannan a ji ka ɗif. In akwai bambancin agogo tsakanin nan da can, ka lissafa shi yanzu, ka rubuta wa Mama lokacin da agogonta.

Maganar aike ku yi ta kafin ka tafi, ko da tana da nauyi a baki. Wata biyu ko uku na farko kada ka ɗauki alkawari, kuɗin haya da na zama suna cinye albashin farko, wani wurin ma albashin yakan makara. Bayan nan ka tsayar da adadin da za ka iya bayarwa ko a watan da ya fi matsi, ka tura ta hannun mutum ɗaya a rana ɗaya. Kaɗan mai zuwa a kan kari ya fi wa gida amfani, domin da shi ake iya yin lissafi. Tun albashin farko kuma ka fara ware kuɗin tafiyar gaggawa zuwa gida da komawa, a asusun da ba ka taɓawa, ka kuma san tun makon farko ƙa'idar wurin aikinka game da hutun rashin lafiyar iyaye ko rasuwa.

Abu na ƙarshe ku yi shi kuna zaune gaba ɗaya, har da Yaya in Allah ya sa an shirya. Iyaye suna ɓoye wa ɗan da ke nesa ciwo da mugun labari, da niyyar kada su tayar masa da hankali, sai ya ji bayan an makara. Ka roƙe su alkawari cewa in an kwantar da wani a asibiti za a gaya maka a ranar, ko babu abin da za ka iya yi. Ka naɗa mutum ɗaya a cikin 'yan'uwa wanda ka san ba ya iya maka ƙarya, shi za ka riƙa tambaya a gefe. Kuma in kana kira ka bar "kowa lafiya?", amsarta kullum lafiya lau ce. Ka ce nawa awon jinin Baba ya nuna a makon nan, Kaka ta fito tsakar gida yau, a ba ta wayar in ji muryarta. Kai ma ka ɗauki irin wannan alkawari a gabansu, cewa in ka kwanta ciwo a can ko aikin ya tsaya, daga bakinka za su fara ji.

Allah ya kiyaye hanya, ya sada ku da alheri.